Maman Lawali da Magajiyarsa Mai Tiyo

A unguwar Zariya ta Maradi, in ka nemi gidan Maman Lawali, sai a tambaye ka, "Wanne ciki, mai gyaran fanka ko mai aspirater?" Kada ka wahalar da kanka da zaɓe, mutum ɗaya ne. Gyaran fanka da naɗin moter ɗin injina su ne sana'ar da yake ciyar da gidansa da ita. Aspirater kuwa, wato injin nan mai dogon tiyo da ke zuƙe datti, ba sana'a ba ce a wurinsa, ciwo ne, kuma bai taɓa neman maganinsa ba. Mutanen unguwa sun gaji da yi masa magana, sun koma yi masa dariya, shi ma yana taya su.

Gajere ne kakkaura mai ɗan gemu, in yana dariya har kafaɗunsa sai sun taya shi. Ƙuruciyarsa duk a wata uzin, wato masana'antar gurzar auduga, ya yi ta, can bakin gari. Aikinsa shi ne ya riƙa tura wata ƙatuwar aspirater tsakanin na'urorin gurza yana zuƙe ɓurɓushin auduga, don kada ya taru wata rana ya kama da wuta. Abokan aikinsa suna ce masa mai shara, shi kuma yana ce wa kansa direba, kuma har aka rabu ba a raba wannan gardama ba. Aspirater ɗin tsohuwar ƙirar Turai ce, ta zamanin da ba a rowar ƙarfe. Jikinta na dalma ne, tsayinta ya kai masa ƙirji, tana tafiya a kan taya uku, cikinta kamar gangar mai, tiyonta kuwa kaurinsa ya kusa cinyar mutum. Shi ya raɗa mata suna Magajiya, domin in ta buɗe murya duk sauran injinan uzin sai su koma 'yan amshi.

Sai shekarun nan suka zo da masana'antun Maradi suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasu ma ta bi sahu. Ranar gwanjon kaya, masu hankali suka sayi kwanon rufi da kujeru da tebura. Maman Lawali ya sayar da ɗan babur ɗinsa mobilet ya sayi Magajiya. Da amalanke ya tsaya a ƙofar gida, matarsa Zuliha ta leƙo ta ga abu yana ƙyalli, ta ɗauka injin niƙa ne, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito. A ranta har ta ga inda matan unguwa za su riƙa jera kwanukansu.

"Malam, hatsi kaɗai take niƙawa, ko har da tattasai?"

"Ba ta niƙa komi."

"To mi take yi?"

"Zuƙa take."

"Zuƙar mi?"

"Duk abin da ta samu a ƙasa."

Zuliha ta kalli mijinta, sannan ta juya wajen Magajiya ta ce, "Sannu da zuwa. Kin zo gidan da ba a barin komi a ƙasa."

Abin bai tsaya nan ba. Magajiya kuran ɗin uzin take ci, wato wutar lantarki, mai layi uku, gidan Maman Lawali kuwa layi ɗaya ne, wanda da kyar yake ɗaukar fanka da rediyo. Ya san haka tun kafin ya saya. Abin da ya sa ya saya shi ne ya ga masu zubin tukwane suna zagaya ta a wurin gwanjo suna ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, ya ji kamar nasa cikin suke ƙwanƙwasawa. Aka tura ta ɗakin da ke kusa da zaure, ya lulluɓe ta da tsohon zanen gado, ta yi shiru.

Shirun nan shi ya jawo sauran. Kunnensa ya saba da ƙugi ya rasa, sai ya shiga neman ƙanana waɗanda kuran ɗin gida zai iya ɗauka. Zamani kuwa ya taimake shi. Lokacin ne aka yi babban taron ƙasa a Yamai, jam'iyyu suka tsiro ko'ina, kowa ya zama parzidan, wato shugaban wani abu, albashi kuwa sai wata ya bi wata ba a gan shi ba. Ma'aikata na yajin aiki, 'yan lakwal sun bar aji suna zaune gida, Turawan proje masu ayyukan raya ƙasa na ɗaure kaya. In aka ce wuri kaza ya rufe, Maman Lawali zai yi salati tare da kowa, kuma da gaske yake, don ya san zafin abin a jikinsa. Sai an natsa ya matsa kusa da mai ba da labarin, ya rage murya ya ce, "Ba ka san ko suna da aspirater ba?"

Haka ya samo 'Yar Otal, mai ƙugi ta hanci. Haka ya samo 'Yan Biyu, ja da shuɗiya, daga wani gareji da mai shi ya koma ƙauye. Akwai wata doguwa da ya bi har Jibiya, ya dawo da ita a bayan kamiyo, motar kaya, rungume a cinya, fasinjoji na tambayar ko maras lafiya ce. Akwai wata ma da ba ta da moter ko kaɗan, ya saye ta don murfinta ya yi masa kyau. Kowace ya san inda ta yi aiki, da abin da ta saba ci, da irin tarin da take yi kafin ta tashi. In ya kwance moter ya tarar hannun wani bakanike ya riga shi shiga ya yi ɓarna, sai ya wuni yana faɗa da mutumin da bai taɓa gani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ita ce ranar motsa jini. Inji in ya daɗe a kwance yakan cije, saboda haka sai ya fito da su tsakar gida ya jera, ya watsa ɓawon gyaɗa da dussa a ƙasa, ya riƙa tada su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ƙarshen layi, fankokin maƙwabta sun koma juyin ganin dama, rediyon masu sauraren muhawarar 'yan siyasa ya shaƙe. Ta kan katanga za ka ji wani ya ce, "Maman, jam'iyyarka ta fara mitin ke nan?" Shi ko yana tsakiya, tiyo a kowane hannu, yana rawa da kafaɗu, kajin Zuliha sun haye katanga suna jiran a gama. Ba ya jin kowa, daɗi yake ji irin wanda ba ya ɓoyuwa. In an gama sai ya shiga ɗaki ya ɗaga zanen Magajiya, ya juya mata fankar ciki da hannu, ya ɗiga mata mai, ya mayar da zanen. Wannan ɓangaren shi kaɗai yake yin sa, kuma ba da dariya ba.

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ɗansu Shamsu ya samu matar aure. Da farko an shirya zai kama haya, amma komai ya tashi, siminti ma ya zama abin kallo a bitik ɗin 'yan kasuwa. Zuliha ta bari mijinta ya ci tuwo ya ƙoshi, don ta san lokacin magana, sannan ta zauna kusa da shi.

"Malam, amarya za ta tare in an gama kaka. Ɗaki guda ya rage muna."

"Wane ɗaki?"

"Ka san shi."

"Akwai mutane ciki."

"To mutanen su nemi danginsu. Ɗiyar mutane ba ta kwana da tiyo."

Bai yi musu ba, don gaskiya ce, kuma yana son ɗansa. Labarin bai kwana ba ya kai kunnen Idirisa mai zubin tukwane, abokinsa tun ƙuruciya. Tun da kayan waje suka yi tsada, duk wata tsohuwar dalma da ke Maradi Idirisa ya san inda take kwana. Ya zo da goronsa yana murmushi, ya shiga ɗakin, ya ɗaga zane, ya ƙwanƙwasa cikin Magajiya, ya saurara, ya lumshe ido.

"Maman, wagga ai tukwanen biki ce. Irin na dafa wa unguwa guda."

"Sauke hannunka."

"Na sauke. Amma ina za ka kai ta?"

Nan Maman Lawali ya yi alkawarin da ya hana shi sakat: ranar da mai shafe zai shiga ɗakin, duk wadda ba ta samu gidan zama ba ta Idirisa ce, ya narka abinsa. Suka tafa a kai, Zuliha na shaida daga madafa.

Ya shiga gari yana nema musu gidaje kamar mai aurar da 'ya'ya. Masallacin unguwa ya karɓi 'Yar Otal saboda darduma, bayan ladan ya sa an gwada ta a gabansa ya tabbatar ba ta haɗiye tabarma. Wani mai askin zamani ya ɗauki ɗaya daga cikin 'Yan Biyu, mai ɗinkin katifa ya ɗauki ɗayar. Doguwar Jibiya ta tafi wurin wani mai kiwon kajin ƙwai. Duk wanda ya karɓa sai ya sha wa'azi a kan yadda ake kakkaɓe jakar ciki, da yadda ba a jan su ta tiyo. Mai kyan murfi ba wanda ya so ta. Idirisa ya zo ya saɓa ta a kafaɗa, Maman Lawali ya juya baya har ya fita.

Saura Magajiya. Ya je wurin masu injin niƙa, suka ce su man gazuwal suke ƙonawa, ba kuran ba. Ya je wurin masu walda, suka ce ba su da wurin ɗaure giwa. Duk inda ke da kuran mai layi uku a garin, ko dai an rufe shi, ko ana shirin rufewa. Gero ya shiga rumbu, mai shafe ya aiko cewa yana nan tafe mako mai zuwa.

Ana cikin haka Uwani ta zo daga Tsibiri. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanen mahaifiyarsa, kuma tun suna yara ba ta taɓa kiran sa da wani suna ba sai bawanta. Sana'arta fara. In sanyin kaka ya shigo, takan tara matan garinsu su bi gonaki da sassafe, lokacin da raɓa da sanyi suka ɗaure wa fara fukafukai, su tsince ta da hannu, su tsoma a tafasasshen ruwa, su shanya, ita kuma ta soya da yaji ta kawo kasuwar Maradi. Ta same shi zaune a ƙofar ɗakin ya zabga tagumi.

"Bawana, wa ya mutu?"

Ya gaya mata. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙofa, sannan ta ce a buɗe mata ta ga gawar. Ta zagaya Magajiya, ta ɗaga tiyo ta leƙa bakinsa da ido ɗaya.

"Kac ce komi take zuƙa?"

"Komi."

"Har hwara?"

Ya ɗago kai.

"Bana hwara ta sabka Jiratawa, ta hau zogalensu, maganin feshi kuma ya hi ƙarhinsu. Munka je tsinta, hannuwanmu sunka gaza. Kai da kake kukan kuran, mi kake tsammani yake jawo ruwan rijiyoyinsu? Jakkai?"

Maman Lawali ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Famfunan fadamar Jiratawa, waɗanda ke ɗago ruwa daga ƙasa suna zubawa a magudanan siminti, da kuran mai layi uku suke aiki. Shi da kansa ya taɓa naɗa moter ɗin ɗaya daga cikinsu. Shekara da shekaru abin yana nan bayan gari, bai taɓa haɗa shi da Magajiya a ransa ba. Ya kama rawa a tsakar gida, shi kaɗai, babu kiɗa, Zuliha ta fito da muciya a hannu tana tambayar ko lafiya.

Washegari ya hau keke ya je ya ga Alhaji Maliki, parzidan na wani rukunin manoman fadama, dattijo mai son a yi komai a tsanake. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, ya ce in dai abin zai rage musu fara a zo a gwada. In ya yi, akwai wurin ajiya a ɗakin famfo. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa. Kabo, mijin Uwani, ya kawo amalanken shanu, aka ɗora Magajiya da la'asar aka ɗaure ta tamau. Idirisa ya ce shi ma za shi, wai don ya raka tukwanensa.

Suka kwana a Jiratawa. Da aka sallame sallar asuba suka fita gona, sanyi na cizo. Zogale a jere, kowane reshe ya yi nauyi da fara, ta yi lamo ba ta ko motsi. Matan Uwani sun riga sun ɗora ruwa a bakin gona. Abin da Maman Lawali bai zata ba shi ne taron da ya tarar. Rukunin Alhaji Maliki, kamar kowane rukuni a lokacin, siyasa ta raba shi biyu, kuma kowane ɓangare ya ji raɗe-raɗin cewa ɗayan ne ya kawo injin ceto daga birni. Saboda haka duka suka hallara da manyan riguna, kada a yi abin tarihi ba su.

Ya ja waya daga ɗakin famfo ya ɗaura layukan uku. Ya yi bismilla ya murɗa makunni. Magajiya ta yi tari. Ta sake tari, ta fesar da tsohuwar auduga ta zamanin uzin. Sannan ta ɗauko daga ƙasa a hankali, muryar tana hawa tana kauri, har mutum ya fara jin ta a tafin ƙafa. Shanun Kabo suka ja da baya. Maman Lawali ya tsaya da tiyo a hannu yana dariya hawaye na zuba, yana ta cewa, "Ita ce, wallahi ita ce," alhali ba wanda ya musa masa. Idirisa ya matso ya sunkuya don ya ji da kyau, hularsa ta bar kansa ta shige tiyo. Da ita Magajiya ta yi buɗa-baki.

Daga nan sai aiki. Ya rage mata ƙarfi kada ta tsige ganye, ya riƙa bin rassa da bakin tiyo, fara na shigewa tana ƙara a ciki kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Layin da mata za su sha wuya a kansa har rana ta ɗago, ya share shi kafin manyan riguna su gama gaisawa. Kabo na tura inji, Uwani na gaba tana nuna masa reshe tana yi masa kirari rabi yabo rabi zagi, mata na tafi, manyan riguna na biye a baya suna tattare gefen riga saboda laka. Rabonsa da ya ji kansa haka tun ranar da aka rufe ƙofar uzin.

Da ciki ya cika, ya kashe. Nan fa mutanen ɓangare ɗaya suka ce a buɗe a nuna wa jama'a, na ɗaya ɓangaren suka ce ai su suka fara cewa a buɗe. Magajiya tana da 'yar ƙofa a ƙasa inda ake ɗaura buhu a zazzage, kuma ba wanda ya fi Maman Lawali sanin haka. Amma ta ƙasa ba a ganin komai, shi kuwa yau so yake a gani. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne, auduga ya saba zuƙa, auduga kuma ba ta farkawa. Farar nan sanyi ne kaɗai ya riƙe ta, ga shi ta samu ganga mai ɗumi a ƙarƙashin moter, ta gasa jiki ta warware sarai. Uwani tana can tana duba ruwa, ta juyo ta ga hannunsa a kan maƙullan murfi, ta buɗe baki, amma ya riga ta. Har da cewa, "Alhaji, matso ka gani."

Alhaji Maliki ya matso ya gani. Farar gona guda ta tashi a fuskarsa lokaci ɗaya. Ta shiga wuyan riga, ta shiga hannun riga, ta shiga rawani. Manyan ɓangarorin biyu, waɗanda rabonsu da yin abu tare tun kafin zaɓe, suka runtuma gefe guda suna tuɓe riguna a guje. Hular Idirisa ta yi sama ta faɗa magudanar ruwa. Mata suka zube ƙasa don dariya, wata har da birgima. Farar kuma ta yi kewaye a sama, ta sauka kan zogalen da aka ɗebo ta, da ƙarfinta fiye da da.

Maman Lawali bai yi dariya ba. Yana tsaye da murfi a hannu, kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo bayanta, don ya san abin da ya zubar da hannunsa. Alhaji Maliki ya gama kakkaɓe gemu, ya ce cikin natsuwa, "Malam, mun gani. Allah shi ba da lada." Ya juya ya nufi bakin gona. Idirisa ya tsamo hularsa ya matse, ya zo ya dafa kafaɗar abokinsa, ba da mugunta ba.

"Maman, tun da tana bisa hanya, a wuce da ita wajena kai tsaye. Kada a wahal da shanu sau biyu."

Alkawari ne, kuma da bakinsa ya yi shi. Ya mayar da murfi, ya fara naɗe tiyo a hankali.

Sai ga Uwani ta taho tana share hawayen dariya da bakin zane. Ta dafa kafaɗar Kabo, ta taka taya, ta haye kan Magajiya. Ta ɗan zabura saboda zafin murfi, ta ninka zane ta zauna daram.

"Idirisa, wagga tawa ta. Na ɗauka."

"Kamar yaya kin ɗauka?"

"Kayan bawana na. Tambaye shi ko shina iya hana ni."

A danginsu haka abin yake tun kaka da kakanni: abin da taubashi ya ɗora wa hannu a gaban jama'a ya tafi ke nan, ba a ƙwacewa, ba a kai ƙara, sai dai ka jira ranar da kai ma za ka rama. Ta wannan hanya Uwani ta raba shi da agogo, da tocila, da takalmin Sallah, kullum yana ƙunƙuni yana cewa fashi ne da rana tsaka. Yau ya ɗaga kai ya dube ta a can sama, ya gane abin da ta yi masa.

"Ba ni iyawa," in ji shi. "Ba a hana ta."

"Alkawarinmu fa?" in ji Idirisa.

"Wadda ba ta samu gida ba kunka ce," in ji Uwani. "Ta samu."

Idirisa ya dubi dalmar nan mai kauri, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya fashe da dariya ya ce shi dai tsakaninsa da mutanen Tsibiri sai Allah ya isa.

Uwani ba ta sauko ba sai da aka kira mata Alhaji Maliki. Daga kan injin ta yi masa magana, da ladabi, amma ba ta rage komai ba. Ta ce inji bai yi laifi ba, ai kowa ya ga ya kwashe, mai tiyon ne ya so a yaba masa. Gobe za a ɗaura buhu ta ƙasa, daga buhu sai tukunya, murfi kuwa ita da kanta za ta zauna a kai. Mata su tafi da fara, manoma su tsira da zogale. Alhaji ya zaro wata fara daga aljihun gaba, ya dube ta, ya ce to a gwada goben, amma shi daga nesa zai tsaya. Aka tura Magajiya ɗakin famfo, aka nema mata kusurwar da ruwa ba ya kaiwa.

"Kai kuma," ta ce da Maman Lawali, "na ɗauke ka lebura. Magajiyata ba ta son jira. In rana ta riga ka zuwa, na kore ka."

Da ya koma Maradi ya tarar da ɗakin a buɗe, Zuliha ta share ta yayyafa ruwa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon shatin tayoyi a ƙasa. Ya ceci Magajiya daga wutar Idirisa, amma ba tasa ba ce kuma, har ya rasa ko murna zai yi ko baƙin ciki. Ya ba Zuliha labari duka, har da rawanin Alhaji, ta yi dariya har tuwo ya kusa kamawa.

Da aka kira asalatu ya ji ana taɓa ƙafarsa. Zuliha ce. Ta ajiye ruwan alwala mai ɗumi, ga kunu a kwano an rufe, ga ƙullin ƙosai ta riga ta ɗaure a bayan keke.

"Malam, tashi. Za ka makara wurin aiki."

Ya zauna a bakin gado. Rabon da a gaya masa wannan magana a gidan nan har ya manta yadda take a kunne. Gyaran fanka a zaure ake yin sa, ba wanda ke jiran ka, ba wanda ke makara. Daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa shi, ya sunkuyar da kai yana laluben takalmin da ke nan gabansa.

"Sake faɗi," in ji shi.

"Ka ji ni sarai. Tashi, kada matar nan ta kore ka tun ranar farko."

Ya yi salla, ya sha kunu a tsaye, ya tura keke waje. Unguwar Zariya ba ta gama tashi ba. Ya hau ya kama hanyar Jiratawa yana taka feda da sauri.